Ƙaya da ciwon madura a ƙauyukan Hausawan Jazira

Ciwon madura, wanda likitoci ke kira mycetoma, kumburi ne da yake kama ƙafa ya ci nama har ya isa ƙashi. A Sudan mafi yawansa daga wata ƙwaya ce dangin fumfuna, Madurella mycetomatis, da ke zaune cikin ƙasa, kuma masu bincike suna ganin sukar ƙaya ko ɗan rauni ne ke shigar da ita jiki. Baƙar lakar Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu na cikin inda ya fi yawa a duniya. Nan Hausawa da Fulani suka zauna tun da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da aka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar, wasu kuma suka biyo baya neman aikin auduga da aka buɗe shirin noman rani na Jazira a 1925.

Mai tsinkar auduga, makiyayi da yarinya mai itace duk cikin ƙaya suke wuni, da silifa ko ƙafa ba takalmi. Abin yakan fara da ɗan ƙullutu a tafin ƙafa ko bayanta, ba zafi ba zazzaɓi, shi ya sa ba a kula. Bayan watanni, wani lokaci shekaru, sai ya huda ƙananan ramuka suna tsiyayar ruwa, a ga baƙaƙen ƙwayoyi kamar masoro a jikin tsumman da aka ɗaure ƙafar da shi. Daga nan wahala take farawa. Akan gwada tsaga, ƙuna da sassaƙe tukuna. In ana maganar asibiti, sai a ce a bari a kawar da amfanin gona, domin tafiya Wad Madani ko Khartum sai an sayar da akuya, kuma mai rakiya ma ya bar nasa aikin. Saurayi ya daina zuwa gona, budurwa ta ɓoye ƙafarta cikin zane saboda maganar aure, yaro ya bar makaranta don warin miki. Da yawa ba sa isa gaban likita sai ƙashi ya ruɓe, a lokacin ba abin da ya rage sai yanke ƙafa. Abin takaicin shi ne, ƙullutun farko da ƙaramar tiyata ake cire shi.

Cibiyar binciken madura ta Jami'ar Khartum da ke Soba, wadda aka kafa a 1991, ta haɗa likitocin tiyata, masu ɗaukar hoton jiki da masu gwajin ƙwayoyin cuta. Da sikanin ake gano ƙwayoyin tun suna cikin nama, kuma na'urar hannu tana iya zuwa ƙauye. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa madura cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su.

A 2017 cibiyar da ƙungiyar DNDi da kamfanin Eisai na Japan suka fara gwajin magani kan marasa lafiya 104, kowa ya sha na shekara guda tare da tiyata a wata na shida. Sakamakon da aka buga a 2024 ya nuna tsohon magani, itraconazole, ya warkar da kashi 75 cikin ɗari. Sabon, fosravuconazole, ya warkar da kashi 65 a ƙaramin awo, kashi 50 a babba. Bai fi tsohon ba, amma sau ɗaya ake shansa a mako maimakon kullum, kuma wannan sauƙi ne na gaske ga wanda kantin magani ya yi wa nisa.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya tsayar da aikin cibiyar ta Soba, ya kuma isa Jazira da Sinnar. Marasa lafiya da dama sun katse shan magani a tsakiya, alhali madura yakan dawo idan ba a kammala magani ba.