Sabon Maganin Kumburin Gaɓoɓin Kare

Duk wanda ya tashi a garinmu Araba, ko a ƙauyukan da ke tsakanin Illela da Ƙonni, ya san amfanin kare. Shi ne mai gadin garke da dare, shi ne kuma abokin mafarauci idan an gama girbi an shiga daji neman zomo da gafiya. Amma kare ba ya daɗewa kamar mutum. Da ya kai shekara takwas ko tara sai ka ga ya soma ɗingishi, yana shan wahala kafin ya miƙe da safe, musamman lokacin hunturu. A cikin wannan 'yar kasida ina so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu abin da ke kawo wannan ciwo, da wata sabuwar hanya da likitocin dabbobi suka ɓullo da ita don maganinsa.

Da farko dai, mene ne kumburi? Malaminmu na kimiyyar halittu ya ce kumburi ba cuta ba ne, hanya ce ta kare kai. Idan ƙaya ta soki kare, jini yakan taru a wurin, sojojin jiki, watau fararen ƙwayoyin jini, su yi ca a kan ƙwayoyin cuta. Wurin ya yi ja, ya yi zafi, ya tashi, ya riƙa zogi. Bayan 'yan kwanaki sai komai ya lafa. Matsalar ita ce kumburin da ya ƙi lafawa. A ƙarshen kowane ƙashi da ke cikin gaɓa akwai guringuntsi mai santsi wanda ke hana ƙasusuwa gugar juna. Idan ya soma cinyewa saboda tsufa ko tsohon rauni, sai gaɓar ta kumbura, kumburin kuma ya ƙara cinye guringuntsin. Haka za a yi ta yi, wannan na haifar da wancan, har kare ya kasa gudu. Irin ciwon gwiwar da kakanninmu ke kuka da shi ke nan.

Likitocin dabbobi suna da ƙwayoyin rage zogi da kumburi, amma idan aka daɗe ana ba kare sukan taɓa masa ciki da ƙoda. A nan ina roƙon iyayenmu su saurara da kyau. Kawuna maharbi ne, yana da wani tsohon kare wanda ya yi shekaru yana bin sa daji. Da ƙafar baya ta soma ba shi wahala, wani mai tallar magani a kasuwa ya ba Kawu ƙwayar ciwon jiki irin ta mutane, ya ce a cusa masa cikin tuwo. Kwana uku karen yana amai, kashinsa ya koma baƙi ƙirin, da ƙyar ya tashi. Magunguna irin su Ibuprofen da Diclofenac suna iya huda cikin kare su lalata masa ƙoda, ko da kuwa abin da aka ba shi bai kai na babban mutum ba.

To, sabuwar hanyar fa? Jikin kowace dabba an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Yawancinsu kowace da aikinta: ta fata daban, ta tsoka daban. Amma akwai wasu da ba su riga sun kama sana'a ba, kamar yaron da bai zaɓi ko ƙira zai koya ko saƙa ba. Su ne ake kira ƙwayoyin tushe. Wani masani ɗan Rasha, Alexander Friedenstein, shi ne ya gano irin waɗanda muke magana a kansu cikin ɓargo a wajejen 1970. Daga baya aka tabbatar cewa a ɗakin gwaji suna iya zama ƙashi, ko guringuntsi, ko kitse. A 2001 wasu masana a Kalifoniya ta ƙasar Amurka suka nuna cewa akwai irinsu da yawa cikin kitse, wanda ya fi ɓargo sauƙin ɗiba.

Ga yadda ake yi. Sai a sa kare barci da allura, a yanko ɗan kitse daga cikinsa ko bayan kafaɗa, a narkar da shi da wani sinadari, a juya a cikin injin da ke ware ƙwayoyin daga mai. Wani lokaci a nan take za a yi masa allurarsu a cikin gaɓar da ke ciwo. Wani lokaci kuwa sai an rene su makonni har su kai miliyoyi. Akwai ma wanda ba daga jikin karen ake samowa ba. A 2022 Tarayyar Turai ta amince da wani magani mai suna DogStem, na wani kamfani a Sifen, wanda ake yi da ƙwayoyin tushe na igiyar cibiyar ɗan doki. Abin mamaki, cibiyar da ake jefarwa idan goɗiya ta haihu, ita ce ake yi wa kare magani da ita!

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda masana suka sake tunani. Da can sun zaci ƙwayoyin za su zauna a gaɓa su zama sabon guringuntsi, kamar yadda magini ke yaɓe katangar da ruwa ya ci. Da aka bincika sai aka tarar yawancinsu ba sa daɗewa a wurin, kaɗan ne ƙwarai ke zama wani abu. Aikinsu na gaskiya shi ne fitar da wasu sinadarai waɗanda ke gaya wa sojojin jiki su sassauta. Watau ba magina ba ne, masu raba faɗa ne. Har Farfesa Arnold Caplan na Amurka, wanda ya raɗa musu suna a 1991, ya fito a 2017 ya ce a canza sunan, domin yana sa mutane tsammanin abin da ba haka ba ne. Saboda wannan hali na kwantar da kumburi ne aka gwada su a kan wasu cututtukan kare, kamar ƙaiƙayin fata mai naci, da kumburin hanji, da bushewar ido.

Shin yana aiki? A wani gwaji da aka buga a Amurka a 2007, karnuka masu ciwon ƙugu da aka yi wa allurar sun rage ɗingishi fiye da waɗanda ba a sa musu ƙwayoyin ba. Sai dai gwaje-gwaje da yawa da karnuka kaɗan aka yi su, kuma sauƙin na watanni ne, ba warkewa ba ce ɗungurungum. Guringuntsin da ya tafi ba ya dawowa. A ganina, duk wanda ya ce wannan allura tana mai da tsohon kare kwikwiyo, talla yake yi.

Mu kuma a nan akwai sauran tafiya. Maganin yana da tsada, kuma ƙwayoyin masu rai ne, tilas a ajiye su cikin sanyi tun daga inda aka yi su har zuwa sirinji. Wanda ya san zafin Afrilu a Araba da halin wutar lantarkinmu ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Abin da ke hannunmu yanzu shi ne a kai kare mai ɗingishi wurin malamin dabbobi, ko asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, a rage masa doguwar farauta, a shimfiɗa masa buhu lokacin sanyi, a cire masa kaska, kada kuma a manta da allurar rigakafin haukan kare, wadda ita ce ke tsare mu mu kanmu.

Ina zaton idan wannan magani ya iso ƙasarmu ba da kare zai fara ba. Ko a Turai doki aka fara yi wa, domin tun 2019 aka amince da irinsa na gaɓoɓin dawaki, shekara uku kafin na kare. Masu dawakin sukuwa da na hawan salla su ne za su iya biyan kuɗinsa, karen maharbi kuwa sai ya jira layi ya zo kansa.