Yadda Hawan Jini Ke Toshe Jijiya A Ɓoye

Yau kan hawan jini za mu tattauna, cutar da ke kayar da iyayenmu a ƙauyukan Dambatta, Bichi da Makoɗa, a wayi gari ɓarin jiki ya shanye, a ce iska ce.

Mai noman rani a bakin dam ɗin Thomas ya sani, in ruwa ya yi ƙarfi, kwanar lambatu yake fara ci. To haka jijiya take. A cikinta akwai siririyar shimfiɗa mai suna endotiliyom, ita ke fitar da sinadarin naitirik oksayid mai sa jijiya ta buɗe. Idan awo ya zauna a 140/90 ko sama, shimfiɗar nan sai ta gurje, musamman inda jijiya ta rabu biyu, sinadarin ya ragu. Daga nan kitsen LDL ya kutsa cikin bangon, oksijin ya gurɓata shi. Fararen ƙwayoyin jini su haɗiye shi, su kumbura, su mutu nan. Shekara da shekaru tarin na girma, hanya na tsukewa. Ranar da ya fashe, jini ya daskare a kai: in hanyar ƙwaƙwalwa ce, shanyewar ɓarin jiki, in ta zuciya ce, bugun zuciya.

Sau da yawa ko ciwon kai babu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kar ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali. Magi da kanwa ma lissafi ne.

Matasa, mu kai Baba da Inna asibiti a auna. In an ɗora su kan magani, kar su daina don sun ji sauƙi. Allah Ya ƙara mana lafiya.