Kafin a kai asibiti: Abin da ma'aikatan agajin gaggawa ke so 'yan kasuwar Garwa su sani

Duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Garwa zuwa Pitowa ranar Lahadi, ko mai sayen shanu a Adumri, ko mai kai kaya Gashiga da Mbaimbum, ya san cewa idan rashin lafiya ta faɗo wa mutum kwatsam a tsakiyar kasuwa, ba likita ne zai fara taɓa shi ba. Maƙwabcinsa na rumfa ne, ko ɗan dako, ko direban motar da ta kawo shi. A cikin garin Garwa ana iya kiran 'yan kwana-kwana ta lamba 118, kuma babban asibitin jiha yana da sashen gaggawa, amma daga ƙauyukan bakin iyaka tafiyar kan ɗauki awoyi, musamman da damina. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu kaɗan daga cikin abin da ake koya wa ma'aikatan agajin gaggawa, domin mafi yawansa ba ya buƙatar kayan aiki.

Abu na farko da suke dubawa shi ne numfashi, kafin a yi maganar kowane magani. Mutumin da ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi a gefensa don kada amai ya toshe masa maƙogwaro, kuma kada a ɗura masa komai a baki. Mun san al'adarmu: da mutum ya faɗi sai a rugo da ruwa, ko madara, ko manja. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya, abin da aka ɗura masa huhu yake tafiya. Haka mai farfaɗiya, ba a cusa masa cokali a baki, ba a danne shi. A kawar da wuta da ƙarafa daga kusa da shi, a duba agogo. Idan jijjigar ta wuce minti 5, maganar ta zama ta asibiti.

To, amma babban abin da ya fi damun kwarin Binuwai, daga Garwa har Poli da Tuboro, har a tsallaka cikin Adamawa da Gombe ta Nijeriya, shi ne saran maciji, musamman kububuwa. Ba banza magabata suka kira ta gobe da nisa ba. Ƙaramar aba ce, amma dafinta yana hana jini daskarewa. Wanda ta sara zai iya tashi ya ci gaba da cinikinsa, ƙafar ta ɗan kumbura kawai, kowa ya ce ai an auna arziki. Bayan wasu awoyi, ko kwana ɗaya ko biyu, sai jini ya fara fita daga dasashi, ko a fitsari, ko daga wani tsohon miki, wani lokaci ma ya zuba a cikin ciki ko a ƙwaƙwalwa inda ido ba ya gani.

A nan ne sanin magani yake raba rai da mutuwa. Mai ciwo yana kuka da zafi, ga mai tallar magani a faranti kusa, sai a saya masa asfirin, ko ibuprofen, ko diclofenac. Waɗannan magunguna ukun duk suna ƙara tsinka jini ko su sa ciki ya zubar da jini, wato an taya dafin aiki ke nan da kuɗin aljihu. Idan dole ne a rage zafi, farasitamol ne ma'aikatan lafiya suka yarda da shi. Tsaga wurin da reza kuwa buɗe wa jinin da ba ya tsayawa ƙofa ne. Ɗaure ƙafa tamau da igiya ko robar taya ba ya tsare dafi, sai dai ya kashe naman, har a kai ga yanke ƙafar. Baƙin dutsen nan da ake sayarwa a kasuwanni, wanda ake cewa yana zuƙe dafi, an gwada shi ba a ga amfaninsa ba, kuma babbar illarsa ita ce lokacin da ake ɓatawa ana jiran ya faɗo. Abin yi shi ne a cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi, a ɗora wa gaɓar kara ko katako don kada ta motsa, a ɗauki mutumin, kada a bar shi ya yi tafiya da ƙafarsa, a nufi asibiti ko da yana cewa ya ji sauƙi.

A asibiti akwai wani gwaji mai sauƙi: ana ɗibar jini kaɗan a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye minti 20. Idan bai daskare ba, dafi ya shiga jini, sai a ba da maganin dafi ta jijiya, da allurar adirenalin a kusa saboda jikin wasu yana ƙin maganin. Shi ya sa ba allurar da za a yi a rumfa ba ce. Kuma ba kowane maganin dafi ke aiki a kan macizanmu ba. Wanda aka haɗa don macizan Indiya ba ya kashe dafin kububuwa yadda ya kamata. Kamfanin Sanofi na Faransa ya daina yin FAV-Afrique da aka daɗe ana dogaro da shi, kwalaben ƙarshe suka lalace a 2016, sannan a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin cututtukan da aka yi sakaci da su. A ganinmu, shugabannin kasuwanni su riƙa sanin asibitin da ke da maganin a ajiye tun kafin a buƙace shi, domin yawo da mai ciwo daga wannan asibiti zuwa wancan ya kashe mutane da dama.

Sai amai da gudawa. Ba mu manta da kwalarar 2010 ba, wadda ta kama fiye da mutum 10,000 a Kamaru, ta kashe fiye da 600, mafi yawansu a arewa. Ƙarewar ruwan jiki ke kisa, kuma cikin awoyi kaɗan. Kafin a samu ƙullin da ake sayarwa a kantin magani, a haɗa lita 1 ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a yi ta ba shi kaɗan-kaɗan har a hanya. Kafso da ake haɗiya don a tsayar da gudawa ba ya mayar da ruwan da ya zube.

Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allurar insulin, idan ya wuni a rana bai ci abinci ba, sukarinsa na iya faɗuwa: gumi, rawar jiki, magana kamar ta mai maye. Idan yana iya haɗiya, ruwan sukari ko lemon kwalba zai dawo da shi cikin mintoci. Zafin Garwa na watan Maris da Afrilu, da ke haura digiri 40, shi ma yana kayar da 'yan dako. Inuwa, a sassauta tufafi, a jiƙa jiki da ruwa ana fifita. Zazzaɓi mai zafi da ƙagewar wuya a wannan lokaci kuwa, a yi zaton sanƙarau, kada a kwana.

Dole mu taɓo maganar tiramol, ko da ba ta yi wa wasu daɗi ba. Yaran shago da 'yan acaba da dama suna shan ta don su jure aiki, kuma yawanta yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana kuma rage numfashi. Iyaye da iyayen gida kan ɓoye wa ma'aikatan asibiti don kunya, alhali akwai allurar da ke taimakawa wajen dawo da numfashin idan an san abin da aka sha.

Game da haɗarin hanya, jini ana tsayar da shi ne da danna tsumma mai tsabta da ƙarfi a kan raunin, ba tare da ɗagawa ana leƙawa ba. Ban da zuba ƙasa, ko toka, ko garin taba. Wanda ya faɗo daga babur yana kukan wuya ko baya, kada a naɗe shi a cusa a bayan mota. A sa shi a kan faffaɗan katako, mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta Kamaru tana koyar da irin wannan aiki, kuma babu abin da zai hana ƙungiyar 'yan kasuwa ta tura samari biyu ko uku su koya.

Idan an isa asibiti, ma'aikaci zai tambayi ƙarfe nawa abin ya faru, me aka ba mai ciwon, kuma wane magani yake sha kullum. A tafi da kwalin maganin ko ledarsa, har da na gargajiya idan an ba shi. 'Yan uwanmu da ke zuwa daga Yola da Mubi waɗanda ba sa jin Faransanci su nemi mai jin Fillanci ya raka su, domin a asibitocin arewacin Kamaru shi ne harshen da aka fi saurin fahimtar juna da shi.