Shaidar Teku A Cikin Dutsen Kalambaina

Mutane da yawa sun san Kalambaina, kusa da birnin Sakkwato, saboda kamfanin siminti da ya fara aiki a can a shekarar 1967. Kaɗan ne suka san cewa dutsen farar ƙasa da ake fasawa a wurin cike yake da ragowar ƙananan halittun teku.

Masana kimiyyar duwatsu sun tabbatar da cewa kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce, wani teku marar zurfi ya malalo daga arewa, ya ratsa inda Sahara take a yau, ya rufe wani yanki na Mali da Nijar da ƙasar Sakkwato. Ƙwansunan halittun da suka mutu a cikinsa su ne suka taru, suka daskare suka zama dutse. Irinsa ne kuma ake haƙa a Malbaza ta Jamhuriyar Nijar.

To, yaya ɗalibi zai gane abin da ya tsinta? Da farko ya ɗiga wa dutsen ruwan lemun tsami. In ya ga 'yar kumfa tana tashi, to na farar ƙasa ne. Sa'an nan ya wanke shi, ya duba shi da jiƙonsa ta gilashin da ke ƙara girman abu sau 10.

Mafi sauƙin ganewa ita ce bushiyar teku, mai kama da ɗan curin dawo, da zane mai reshe biyar a bayanta kamar tauraro. Akwai irinta a wannan dutse da masana suke kira Linthia sudanensis. Mai murɗe kamar katantanwa dangin dodon koɗi ne, mai marfi biyu kuwa dangin makankari. Sau da yawa ƙwanson kansa ya narke tuntuni, sai lakar da ta cika cikinsa ta ɗauki siffarsa, don haka kada a yi tsammanin ganin sheƙi.

Ƙananan su ne masu ba da wahala, kuma su masana suka fi so. Wasu kamar ƙwayar wake suke, tsawonsu bai fi milimita ɗaya ba. Waɗannan su ne ostirakoda, 'yan uwan jatan lande. Wasu kuma, watau foraminifera, in sun fashe sai a ga ɗakuna a jere suna zagayawa. Da su ake gane shekarun dutse, shi ya sa masu neman man fetur ba sa wasa da su. Manyan danginsu, masu kama da kwabo, suna nan a duwatsun dalar Giza ta Masar.

Wanda ya tsinci ɗaya ya rubuta wurin da ya same shi da kuma shimfiɗar dutsen da ya fito, domin in babu wannan bayani, amfaninsa ga masani ya ragu ƙwarai. Ya kamata malaman sakandare na Sakkwato su nemi izinin kai ɗalibansu mahaƙar, su tara samfuri, domin abin da ya shiga injin niƙa ya zama siminti ke nan.