Canja: Baƙuwar da Ta Zama 'Yar Gida

Zauna a bakin kasuwa a Toranke ka kasa kunne. Mai ƙosai ba ta da canji, ɗan acaɓa zai canja taya, dattijo na ƙorafin zamani ya canza. Ka ce musu Turanci suke yi, sai su ɗauke ka mai neman magana.

Alhali daga aikatau na Ingilishi "change" kalmar ta fito. Shi ma mutumin Ingila aro ya yi. Bayan Normawa sun ci ƙasarsa a 1066, tsohon Faransanci ya mamaye fada da kotu, "changier" ta shiga bakin jama'a. Faransanci kuwa daga Latin ya gaje ta, "cambiare", wato ba ni gishiri in ba ka manda. Ashe 'yan canjin Wapa da ke Fagge su ne riƙe da ma'anarta ta asali.

Abin da ke ƙayatar da ni shi ne yadda Hausa ta hore ta. Ta sa mata wutsiyoyin aikatau irin namu: canja, canjo, canje, canju. Har tarihi muke ƙirgawa da ita. Tsoho zai ce an haifi wane shekarar canjin hannu, 1972, ko da canjin kuɗi, lokacin da naira da kwabo suka kori fam da sule a 1973. Na 2023 kuwa, da takardar kuɗi ta yi ɓatan dabo, har yanzu kasuwannin Gaya da Ajingi ba su manta ba.

Ɗan ƙasar Sin mai koyon Turanci, irin masu harkar yadi a Kantin Kwari, wahalarsa daban ce. Harshensa ya raba aikin: "huan" musanya ce, "bian" rikiɗa, "gai" kuma gyara. Sai ya tarar Ingilishi ya cusa duka cikin buhu ɗaya. Mu ma da namu rabon: musanya, sauya, sake, rikiɗa.

Shi ya sa nake ganin malamin Turanci a Toranke yana asara idan ya hana Hausa shiga ajinsa. Yaron ya riga ya san rabin darasin tun daga gida. Abin da ya rage a nuna masa inda hanya ta rabu: mu mukan ce mun canja gida, Bature kuwa a nan "move" yake cewa.