Tirelar Gwanjon Soja A Minna: Launin Da Doka Ta Keɓe Wa Bariki

Ƙaramar tirelar da soja suka gama amfani da ita, irin wadda ake ɗaurawa a bayan Land Rover ko Hilux, kaya ce da manomi ba ya rainawa. Ƙarfenta mai kauri ne, an ƙera ta don hanyar da babu kwalta, tana kuma ɗaukar buhunan taki ko tankin ruwa ba tare da ta lanƙwashe ba. Shi ya sa ma'aikacin Abuja mai gona a wajejen Paiko, Bida ko Zungeru, idan ya ci karo da ita a gwanjo ko a hannun dillalan kayan Turai, ba ya jinkirin saye. Yawanci takan iso Minna da tsatsa a gindinta, fentinta ya koɗe. Tunanin farko da ke zuwa wa mai ita shi ne a mayar mata da korenta na asali, ta fito fes kamar ranar da ta bar bariki.

A nan ne gizo ke saƙa. Tun shekarar 1977, zamanin mulkin Janar Olusegun Obasanjo, aka kafa dokar da ta hana farar hula amfani da motar da aka shafa wa koren soja. Dokar tana nan cikin kundin dokokin tarayya na 2004, kuma karya ta laifi ne da ke kai mutum gaban kotu. Koren tasi na Abuja ko koren tutar ƙasa ba su shiga ciki ba. Abin da aka keɓe shi ne wancan kore mai duhu da motocin Rundunar Sojan Ƙasa ke ɗauke da shi.

Mai son gardama zai ce tirela ba ta da inji, don haka ba mota ba ce. Wannan magana ce ta lauya a gaban alƙali, kuma shingen bincike da dare ba wurin yin ta ba ne.

Minna kuwa ba garin da za a yi wannan ganganci ba ne. A nan hedikwatar horo da tsare-tsare ta Sojan Ƙasa, wato TRADOC, take, a nan kuma Birged ta 31 ta manyan bindigogi take. Garin Janar Ibrahim Babangida ne da Janar Abdulsalami Abubakar, inda idon jama'a ya saba da kayan soja na gaskiya. Ga kuma halin da jihar ke ciki. A watan Fabrairun 2021, lokacin da aka sace ɗalibai da ma'aikata a Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke Kagara, rahotanni sun ce maharan sun zo ne sanye da kakin soja. Tun daga irin waɗannan hare-hare, duk abin da ya yi kama da na soja alhali ba a hannun soja yake ba, abin tuhuma ne a hanyar Tegina da Kontagora. Haɗarin ma bai tsaya ga jami'an tsaro ba: ɗan bindigar da ya hango koren tirela daga cikin daji ba zai tsaya neman takardar gwanjo ba.

Abin mamaki, a Ingila da Jamus da Amurka wannan kore abin sha'awa ne. Masu tara tsoffin motocin yaƙi kan kwashe watanni suna muhawara kan wane kore ne daidai da wace shekara. Sojan Ingila sun daɗe da wani kore mai duhu da ɗan sheƙi, mai lamba 224 a ma'aunin launinsu na BS 381C, kafin su koma koren NATO marar sheƙi mai lamba 285. Jamusawa na da nasu, RAL 6031. Tirelar Sankey ta sojan Ingila, wadda aka ƙera don bin Land Rover, ita ce abar ƙaunar waɗannan mutane. A can, dacewa da lambar ita ce nasara. A Minna, amfanin sanin lambobin shi ne mutum ya nisance su.

Nisantar ba ta da sauƙi kamar yadda ake zato, domin mafi yawan masu feshi a garejin Kpakungu ko Chanchaga da ido suke haɗa launi. Asalin koren zaitun na soja ba wani sirri ba ne: rawaya mai ruwan ƙasa ce aka zuba wa baƙi. Mai tirela zai ce yana son kore mai ɗan duhu don kada ya nuna datti, mai fenti ya ƙara baƙi kaɗan, ya sake ƙarawa, kafin a ankara an faɗa cikin launin bariki. Fenti kuma yakan sauya kama bayan ya bushe. Dabarar ita ce a fesa a kan guntun ƙarfe, a bar shi ya kwana, a duba shi a rana, sa'annan a yanke shawara. Wanda ya fi kowa hutawa shi ne wanda ya bar kore gaba ɗaya ya zaɓi shuɗi, fari ko ruwan toka mai haske.

Ko da babu doka, fentin soja ba na manomi ba ne. An yi shi marar sheƙi don kada hasken rana ya tona asirin mota a fagen daga. Irin wannan fuska tana riƙe ƙura da maiƙo, tana saurin koɗewa, ba ta wankuwa da kyau. Launi mai duhu yana kuma shan zafi, kuma duk wanda ya taɓa ƙarfe da tsakar rana a Minna cikin watan Maris ya san abin da ake nufi. Fenti mai sheƙi ya fi jure ruwa da sabulu.

Babban aikin dai yana ƙarƙashin launi. Sai an wanke giris da laka, an kankare tsatsa har ƙarfe ya fito fari, musamman a gindin akwati da wajen ƙafafu inda ruwa ke kwanciya. Wurin da ya ɓule walda yake so, ba a cusa masa fila a rufe ba. Bayan nan a shafa jan fentin ƙasa mai hana tsatsa a ranar da aka kankare, kafin raɓa ta sauka, sa'annan a bi da fentin sama shafi biyu marasa kauri, a bar na farko ya sha iska. Mai gaggawa da ya zuba shafi ɗaya mai kauri zai ga fentin yana zubar da hawaye. Lokaci ma yana da nasa hukunci: a tsakiyar damina danshi kan shige ƙarƙashin fenti ya tayar da ƙuraje, a tsakiyar hunturu ƙura kan manne a jiki tun bai bushe ba. Makonnin da ke bin ɗaukewar ruwa, da sassafe, a rumfar da aka yayyafa wa ruwa a ƙasa, sun fi dacewa.

Kankarar kanta tana da haɗarin da ba a cika faɗa wa yaran gareji ba. Tsoffin fentocin ƙarfe da dama na ɗauke da dalma, kuma fentin CARC da sojan Amurka suka koma amfani da shi a shekarun 1980 yana fitar da guba idan aka goge shi a bushe ko wutar walda ta taɓa shi. Jihar Neja ta san illar dalma: a 2015 gubarta, daga haƙar zinariya, ta kashe yara 28 a Ƙaramar Hukumar Rafi. Ƙyallen da aka ɗaura a hanci ba ya tare wannan ƙura. A goge da ruwa, a sa abin rufe hanci na gaske, kada kuma a ci abinci a inda ake aikin.

Saura alamomi da takardu. Lambar soja, tambarin runduna da duk wani rubutun da aka buga a jiki, a goge su har ƙasa, domin sukan leƙo ta cikin sabon fenti bayan 'yan watanni. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta tsara yadda ake sayar da kadarorin da hukuma ta gama da su, saboda haka tirelar da ta fito ta halastacciyar hanya tana da takardar da ke nuna hakan, wadda aka shigo da ita daga waje kuma tana da ta kwastan. Idan an sauya launi, a sanar da ofishin lasisi don takarda ta yi daidai da abin da ido ke gani. Kwafin waɗannan takardu a cikin motar da ke jan tirelar ya kamata su zauna, ba a durowar ofis a Abuja ba.