Malamin Gona da Malamar Gida: Aikinsu Ɗaya Ne

Manomi, aikinka bai ƙare ranar girbi ba. Hatsi, wake da albasa da ka kawo gida, hannun uwargida suke shiga. In ta san ajiya da sarrafawa, wahalarka ta yi riba. In ba ta sani ba, ƙwari da ruɓa su cinye abin da ka yi gumi a kai.

Wace ce malamar gida?

Ita ce ma'aikaciyar gona da ke shiga gidaje tana koya wa mata ajiyar abinci, ciyar da yara, tsabta da tattalin kuɗin cefane. Malamin gona namiji ba ya shiga wurin matan aure, don haka a ƙarshen shekarun 1980 aka buɗe sashen mata manoma a hukumomin aikin gona na jihohi. An ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, kuma hukumar KARDA ce ke kula da malaman gona a jihar.

Don me za a haɗa kai?

Jega, Aliero da Maiyama maƙwabta ne. Damina ɗaya ce, noman albasa ɗaya ne, ana cin kasuwannin juna, ana auratayya. In aka gaya wa mace a Kimba ta zuba magani a wake, aka gaya wa ƙanwarta a Mungadi kada ta zuba, to wa za su bi? Kuma malamai mata kaɗan ne, ba su isa kowane gida. Maganin abin shi ne magana ta zama ɗaya, kowane darasi ya zo a lokacinsa, malamin gona ya gaya wa maigida a fadama, malama ta gaya wa uwargida a gida.

Darasin kaka: ajiyar wake da gyaɗa

1. A shanya wake ya bushe sarai, a sheƙe shi.
2. A zuba a buhun PICS mai riɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a 2007. A matse iska, a ɗaure kowane riɓi daban. Ƙwari na mutuwa don rashin iska, ba sai da magani ba.
3. A tsince gyaɗar da ta yi fumfuna a zubar. Tana da guba mai lalata hanta. Kada a yi ƙuli da ita, kada a ba yara.

Darasin rani: albasa

1. A daina ban ruwa kamar mako 2 kafin cira.
2. A cire in ganyen fiye da rabin fage ya kwanta.
3. A bar ta ta sha iska a inuwa kwana 10 zuwa 14, har wuyanta ya bushe.
4. A zuba a rudu nesa da ƙasa, inda iska ke ratsawa. A riƙa dubawa ana fitar da ruɓaɓɓu.
5. Wadda ta ji ciwo ba ta ajiyuwa. Mata su yayyanka ta su shanya a tabarma mai tsabta, ganyen kuma a yi gabu. Ga kayan miya, ga kuɗi.

Darasin bazara: lissafin rumbu

Kafin ka sayar da hatsi don sayen taki, ku zauna da iyali ku ƙidaya mudu nawa gidan ke ci a rana, ku ware abin da zai kai ku sabon gero. Wanda ya sayar da arha da kaka, shi ke saye da tsada a watan Agusta.

Darasin damina: abincin yara

Jariri nono kaɗai yake bukata har wata 6. Daga nan a haɗa masa da kunu, a ci gaba da shayarwa har shekara 2. Kunun gero zalla ba ya gina jiki. A haɗa mudu 3 na gero da mudu 1 na soyayyen waken suya ko gyaɗa, a niƙa tare. Kada a zuba ruwan sha ko mai a galan ɗin maganin feshi, ko an wanke shi.

Abin da ake so ka yi

Ka ba iyalinka izinin zuwa darasi. Matan unguwa su kafa ƙungiya, su zaɓi gida ɗaya da rana ɗaya, don malama ta same su a tare. Wadda ta koya ta koya wa maƙwabta. Mai unguwa ya kai sunan ƙungiyar sashen aikin gona na ƙaramar hukuma. In ka ji maganar malamai biyu ta sha bamban, ka faɗa musu su daidaita tun abin bai jawo hasara ba.

Ka tuna: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Don ƙarin bayani, nemi malamin gona na yankinku.